Kabarin da Aka Haƙa Sau Biyu

Yanzu idan gari zai waye a nan Tambuwal, babur ne ke fara magana. Daga shi sai injin niƙa, sai wayar jikata da ke kuka a ƙarƙashin matashi kamar an taka ɗan akuya. Ni kuwa barci ya daɗe da rage zumunci da ni, don haka ina kwance ina jin su ɗaya bayan ɗaya, ina neman wata ƙara da ba ta cikinsu. Ƙarar taɓarya nake nema. A ƙauyen da na tashi, can ƙasar Kebbe ta wajen hanyar Fakku, da daka ake tayar da gari. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, kafin ka ankara duk unguwa ta ɗauka, kuma ko idonka a rufe kana iya faɗin turmin wace ce, domin kowace mace da irin hannunta. Akwai mai lugude tana tafi, akwai mai daka kamar tana rama faɗan jiya. Yaran yanzu in na ba su wannan labari sai su ce, "Kaka, ai wannan wahala ce." Wahala ce mana, wa ya ce ba wahala ba ce? Har yau akwai kanta a tafin hannuna. Amma tare ake shan ta, kana jin nishin maƙwabciyarka ta kan darni, ita ma tana jin naka.

Mu kaɗai ne Kirista a ƙauyen nan. Mahaifina mutumin ƙasar Zuru ne, ma'aikacin ɗakin shan magani, aka turo shi ya riƙa ba masu ciwon kuturta ƙwaya, yana wanke gyambo, yana yi wa yara allura. Kowa Malam yake ce masa. Akwai wani tsohon ƙarfen taya da ya rataye a jikin tsamiyar ƙofar gidanmu, da hantsi sai ya kaɗa shi, mutane su fara fitowa daga rugage da ƙauyuka, wani a kan jaki, wani yana dogara sanda. Ni ce babba a gidan, ƙannena biyu maza ƙanana ne, saboda haka aikin ɗa da na ɗiya duk a kaina ya sauka. In ɗebo ruwa a rijiya, in yi surfe, in hura wuta in tafasa allurai a cikin wata 'yar tukunyar ƙarfe, in wanke bandeji in shanya in naɗe. Da yamma kuma Baba ya zaunar da ni ya koya mini karatu, yana bin baƙaƙen da yatsansa mai warin magani. Inna ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin sujada duk suna kanta, kuma ba ta taɓa yarda wani ya fi ta sanin su ba.

Majami'armu ɗakin Baba ce. Benci biyu ne a ciki, shi da kansa ya goge katakon ya buga su. Ran Lahadi mu biyar za mu zauna, ya yi karatu, mu yi waƙa, ya yi addu'a mai tsawo har ƙannena su fara gyangyaɗi. Maƙwabcinmu na jikin darni wani dattijo ne manomi, muna ce masa Baffa, matarsa kuma Goggo. Goggo ba ta taɓa ɗaga taɓarya ran Lahadi da safe ba sai ta ji waƙarmu ta ƙarshe ta tsaya. Ba wanda ya roƙe ta. Mu ma in azumi ya kama, Inna a cikin ɗaki take ba mu abinci, kuma kaiton wanda ta kama yana tauna wani abu a waje. Takan ce, "Mutum yana jin yunwa saboda Allah, kai kuma ka tsaya gabansa kana lasar hannu? Ba a gidana ba." Kada kuma a ɗauka komai zuma ne. Yara sun sha bin mu suna kiran mu arna, akwai gidajen da ba a shan ruwa da ƙwaryarmu, akwai matan da ke kauda zane in mun gifta. Baffa kansa ya sha zaunar da Baba a gindin tsamiya yana kiran sa zuwa Musulunci, Baba shi ma yana ba shi labarin Almasihu. Su yi ta ja har muryoyinsu su tashi, sannan ɗaya ya fasa goro ya miƙa wa ɗaya. Ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Yau fa? Yau majami'armu tana da katanga mai tsawo da ƙofar ƙarfe, kuma sai an leƙa jakarki kafin ki shiga gaida Ubangijinki. Ban ga laifin masu leƙawar ba, na san abin da ya kawo haka, ni ma na binne mutane. Amma abin yana ci mini rai. Lasifika a nan, lasifika a can, kowa yana magana da Allah da ƙarfi kamar Allah ya kurumce, maƙwabci kuwa bai san maƙwabcinsa ya kwana da zazzaɓi ba sai ya gani a waya. Jana'iza ma ta zama wani abu dabam. A kai mutum ɗakin sanyi ya yi makonni yana jiran a ɗinka anko, a buga hotonsa a jikin riga, a yi hayar rumfuna da kujeru, a yi ta gardamar wa zai zauna a gaba. Kwanan baya na je wata, na ga masu makoki suna rububin abinci kafin a gama mayar da ƙasa. Na zauna ina kallo, sai zuciyata ta koma wajen jana'izar mahaifina, wadda ba ta da fasto, ba ta da rumfa, ba ta da ko kujera ɗaya.

Da bazara ne, irin bazarar nan da ko tsuntsu ba ya kuka da rana, kuma azumi ya faɗo a cikinta. Sanƙarau ya shigo ƙasar. Baba ya yi ta yawo gida gida da jakarsa, mazan gari kuwa kusan kullum suna maƙabarta da dagi da hauya, bakinsu a bushe. Ranar da ya dawo ya ce wuyansa ya ƙage, Inna ta zauna a ƙasa. Ciwon bai ja shi da nisa ba. Kafin hankalinsa ya gushe ya kira ta, ni ma ina wurin ina masa fifita, ya ce, "Uwar yara, in na tafi, kada a rufe ni yadda za a ce na sake hanya a ƙarshe. Ki sa ni a akwati, ɗiyarki ta yi karatu a kaina." Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Baba ya bar addinin kakanninsa ya bi Almasihu, danginsa suka juya masa baya, suna cewa bari dai ya ji wuya, zai saki. A ƙauyen kuma akwai masu jiran su ji ya karɓi kalmar shahada a bakin mutuwa. A wurinmu a wancan zamani, akwatin nan shi ne shaidar cewa mutum ya mutu a kan abin da ya rayu a kai. Da sassafe, daidai lokacin da aka fara daka, ya cika. Da Inna ta yi kuka ɗaya, na ji taɓarun unguwa suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ne ya fara shigowa. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Uwar ɗiya, Allah shi ba ki haƙuri. Malam namu na. Ba mu san taku al'ada ba, ki faɗa muna mu yi." Inna ta ce akwai mai bishara a wani gari mai nisa, a kira shi. Aka tura mutum a kan keke, amma kowa ya san ko tashi sama zai yi, ba za su dawo ba kafin zafin nan ya taɓa gawa. Dole a rufe shi a ranar. To a ina? Baffa bai ɓoye mata ba. Ya ce, "Maƙabarta ke ma kin san ba a yarda, kuma ban iya tilasta ma jama'a. Amma gonata ta bayan gari tawa ta, ba ni shawara da kowa. Akwai wuri can ƙurya, nan za mu aje shi." Da ta yi maganar akwati, sai aka rasa yadda za a yi, don babu kafinta a garin, babu katako. Ni ce na nuna bencinan nan biyu. Aka kira masassaƙin gari, wanda turmi da ƙyaure kaɗai ya sani, ya ciro ƙusoshi daga akwatunan magani, ya zauna a tsakar gidanmu yana bugawa. Yana yi yana share hawaye da hannun riga, domin Baba ne ya warkar masa da gyambon da ya yi shekaru yana ci masa ƙafa. Ya buga shi da faɗi sosai, ya ce, "Ban son Malam shi matsu."

Ana cikin haka wani ya shigo da karan dawa, ya shimfiɗa shi a gefen Baba daga kai zuwa ƙafa, ya karya daidai tsawonsa, ya fita da shi zuwa wurin masu haƙa. Haka suke yi wa kowace gawa, haka suka gada. Na ga lokacin da aka yi awon nan, Inna ma ta gani, babu wadda ta kawo komai a ranta.

Bayan azahar aka ɗauko shi. Akwatin bai hau makara ba, sai da sanduna aka tallafe shi. Ni da Inna muka bi baya, abin da ba a taɓa gani ba a garin, mata a hanyar kabari. Na ji ana gunaguni, Baffa ya waiga sau ɗaya, gunagunin ya mutu. Goggo ta raka mu har darnin ƙarshe na gari, ta tsaya nan riƙe da hannun ƙannena. Da muka isa ƙuryar gonar, masu haƙa suna zaune a 'yar inuwar wata aduwa, sun gama tun ɗazu. Kabari suka haƙa mai kyau, irin nasu: rami na sama, sannan wani siriri a tsakiyarsa, daidai kwanciyar mutum a gefensa na dama. Sun sare itatuwan da za a jera, sun kawo tuluna cike da ruwan da za a kwaɓa ƙasar rufi. Aka kawo akwatin bakin ramin, sai ya zauna a sama kamar tukunya a kan murhu. Ko ramin saman bai shiga ba, balle na ciki.

Wurin ya yi tsit. Ƙasar nan marmara ce, wadda in an sara ta da dagi sai wuta ta yi tartsatsi, kuma tun hantsi suke fama da ita ba ko ɗigon ruwa a maƙogwaronsu. Wani magidanci, wanda da safiyar ranar ya rufe ɗansa na cikinsa, ya ce, "Baffa, a fidda shi daga katakon ga mana. Ga shi cikin farin ƙyalle, mi ya rage? Wallahi ba mu da sauran yawu a baki." Ba da mugunta ya faɗa ba, gaskiyarsa ya faɗa, wasu kuma suka gyaɗa kai. Ni dai ban san lokacin da na faɗa kan akwatin na rungume shi ba. Na ce, "Ba za a fitar da shi ba! Sai dai ku rufe mu tare!" Yarinya budurwa tana ɗaga murya a tsakiyar maza, a wancan zamani! Har yau ban ce na yi laifi ba, kuma da za a sake, haka zan yi.

Inna ba ta dube ni ba, su ta duba. Ta dubi leɓunansu da suka tsage suka yi fari, ta dubi wani da ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa yana haki. Sai ta dafa ni ta ce, "Tashi." Ta juya wajen Baffa ta ce, "Ku fitar da shi, ku sa shi yadda kuka saba. Allahn da zai tashe shi ba katako zai nema ba. Ba zan kashe masu rai saboda wanda ya riga ya tafi ba." Na san abin da maganar nan ta ci mata.

Baffa ya dube ta ya ce, "Uwar ɗiya, mi yac ce maki kafin shi cika?" Ta kauda kai. Ya maimaita, ta ƙi magana. Ni na faɗa masa, ina kuka, kalma bayan kalma. Ya gyaɗa kai ya ce, "To wasiyya ta, ba a taɓa ta. Kuren namu na, mun auna mutum ba mu auna ɗakinai ba." Ya juya wajen jama'a ya ce, "Wanda ba shi iyawa shi zauna inuwa, babu laifi gare shi. Ni dai ban gamuwa da Malam gobe kiyama in ce mai ƙishirwa ta hana ni." Ya tuɓe rigarsa, ya ɗaure wando, tsoho mai furfura har a ƙirji, ya karɓi dagi ya shiga ramin. Wanda ya fara bin sa shi ne magidancin nan da ya rufe ɗansa da safe.

Ƙarar dagin nan a kan marmara, ita ce ƙarar da ba ta taɓa barin kunnena ba. Biyu su shiga, su sara har numfashinsu ya ƙare, a ja su waje, wasu su shiga. Ba mai magana. Na ɗauki ƙwarya na shiga kwasar ƙasa, ba wanda ya ce mini mace ba ta yi. Tulunan ruwa suna nan a gefe suna zufa, kowa yana kauda ido daga kansu. Da tausayi ya ci ƙarfin Inna, sai ta buɗe ɗaya ta ɗebo ta nufi wani saurayi da jiri ya kwashe. Baffa ya ɗago daga cikin rami ya ce, "Haba uwar ɗiya, rufe tulun ga don Allah, kina ƙara muna aiki." Har wasu suka yi 'yar dariya, busasshiya. La'asar ta yi, suka yi taimama da ƙasar da suka haƙo, don ba wanda ya yarda a sake buɗe tulu, suka yi sallarsu a cikin gonar, suka dawo suka ci gaba. Sai da rana ta yi ja sannan ramin ya yi faɗin da ake so. Aka aika aka kwanto igiyoyin guga daga rijiya, aka zura akwatin a hankali har ya zauna.

Baffa ya fito, tafin hannunsa duk ya fashe, ya ce mini, "To, ɗiyar Malam, saura naku." Suka ja da baya kaɗan suka tsaya. Ba su tafi ba, ba su kuma sa baki ba. Na buɗe Littafin Baba na karanta wurin da yake yawan karanta mana game da tashin matattu, baƙaƙen suna rawa a idona. Inna ta ɗauki waƙa ita kaɗai, muryarta ta karye a tsakiya, na kama mata, muka kai ta ƙarshe da ƙyar. Na yi addu'a irin ta yarinya, ban ma san abin da na faɗa ba. Da na ce amin, sai suka matso da hauyoyinsu suka mayar da ƙasa. Suna gamawa muka jiyo muryar ladan daga cikin gari, siririya, don lokacin babu lasifika. Da yake akwati ne, ba a kwaɓa ƙasar rufi ba, ruwan nan yana nan yadda aka kawo shi. Inna ta durƙusa tana zubawa a ƙwaryar da na kwashi ƙasa da ita, bayan ta ɗauraye ta, tana miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sha, har waɗanda ba su taɓa kai ƙwaryarmu bakinsu ba.

Mai bishara ya iso bayan kwanaki, ya yi addu'a a bakin kabarin. Da damina ta faɗi mutanen mai bisharar suka zo suka kwashe mu. Aka sa ni makaranta, na zama malama, na yi aure, aiki ya kawo mu Tambuwal, na haifi waɗanda na haifa, na binne miji, na binne Inna, na binne ƙannena duka biyu. Kebbe ba nisa ne da ita ba, amma ban koma ba. Da fari hidimar yara, daga baya rashin hanya, daga baya kuma wannan rashin zaman lafiya da ya hana mutum zuwa gonarsa. Mutuwar Baffa ma sai da ta daɗe na ji ta a bakin wata mai sayar da daddawa.

Na yi shekaru ina tsammanin na san abin da ya fi muhimmanci a rayuwa. Da ƙuruciya na ce karatu ne, na yi. Daga baya na ce a ga yara sun zama mutane, sun zama, ga su can birane suna kira na a waya suna tambaya ko na sha magani. Na yi shugabancin mata a majami'a, na sa anko kala kala, an ba ni takardun yabo da yanzu ban san inda gara ta kai su ba. Ba na raina ko ɗaya. Amma tsufa yana tankaɗe mutum, kuma abin da ya rage mini a rariya kaɗan ne. Na manta sunayen shugabannin da na yi wa aiki, na manta wa'azuzzuka masu daɗi da na tafa wa hannu, amma ban manta mace ta yarda ta saki wasiyyar mijinta don kada maƙwabta su faɗi ba, ban kuma manta tsoho mai azumi ya ƙi karɓar wannan sauƙin ba. Ubangijinmu ya umarce mu da ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci, kuma na koyar da wannan ga yara fiye da yadda zan iya tunawa. Amma a gona na gan shi da idona, ranar da kowane ɓangare ya ɗauki nauyin ɗayan ya ɗora wa kansa. Ba ina cewa addininmu da nasu ɗaya ba ne. Baffa ya mutu a kan nasa, ni kuma a kan Almasihu zan mutu, shi ne begena, ba ni da wani. Hukunci na Allah ne, ban isa in taya shi ba. Abin da na sani shi ne, ranar da zan tsaya a gabansa ba zai tambaye ni kujerar da na zauna ba, zai tambaye ni wa na shiga rami dominsa.

Bara na yi ciwon da kowa ya fid da rai. Da na tashi, abu ɗaya ya tsaya mini a wuya: ban san ko kabarin ubana yana nan ba. Ƙasa ta yi tsada, mutane sun yi yawa, har burtalin shanu an nome. Wa zai bar wuri saboda baƙon da ba danginsa ba, ba addininsa ba, wanda 'ya'yansa ma ba su waiwaye shi ba? Na gaya wa babban ɗana zan je. Ya ce, "Mama, hanyar nan ba lafiya, ki bari." Na ce, "In ɓarayin daji sun ɗauke ni, su za su gaji, ni ba abin da zan iya yi musu sai surutu." Na shiga mota zuwa Kebbe, daga nan aka ɗora ni a babur kamar buhun gero, ina riƙe da rigar mai tuƙi ina kiran sunan Ubangiji a kowane rami.

Ban gane garin ba. Rufin kwano ko'ina, ɗakin shan magani babu ko tushensa, tsamiyar ma an sare. Na tambayi gidan Baffa da kwatance, aka kai ni wurin wani magidanci mai furfura a gemu, aka ce jikansa ne. Muka gaisa, na ce masa ina neman wani tsohon kabari a gonar kakansa. Ya dube ni da kyau, ya sa takalmi ya shige gaba. Lokacin gero ya fid da kai, ya fi mu tsawo, muna kutsawa ganye yana shafar fuskata. Sai kawai geron ya ƙare. Ga fili a tsakiyar shuka, an kewaye shi da duwatsun marmara, an share ciyawarsa tas, kunyoyin gona sun zo har bakinsa sun kauce.

Ya ce, "Ga ta nan. Kushewar Malam mai magani, wadda anka gina sau biyu. Kaka ya bar ma babanmu, babanmu ya bar muna. Yac ce amana ta, ko yunwa za ta kashe mu kada hauya ta taɓa wurin ga." Sannan ya ce, "Inna, ke wace ce tasa?"

Na ce, "Ni ce ɗiyar da ta yi karatun."

Ya tsuguna har ƙasa ya sake gaishe ni, kamar yanzu na iso. Ni kuwa na zauna a kan dutse ɗaya na yi kukan da ban yi ba tun ina budurwa. Ya bar ni na yi har na gaji. Da na share ido na yi addu'ata, ya ja gefe ya tsaya yana jira, bai tafi ba. Sannan ya nuna gefen kabarin da hannu, inda geronsa ya fi kyau, ya ce, "Inna, kin daɗe ba ki zo ba. In kina son wuri kusa da shi, akwai. Sai dai a aiko muna da faɗin akwatin tun da wuri."

Na dubi wurin, na dubi fuskarsa. Na ce, "Ka ajiye mini."